Gwajin Akwatin Baba a Bayan Paloma

Ranar da muka raka mahaifiyarmu makwancinta, kowa yana kuka, Baba ma yana kuka, amma idonsa na kan ƙofar bayan motar ɗaukar gawa. Ina riƙe da hannunsa sai na ji ya matse nawa. Na ɗauka baƙin ciki ne ya ci ƙarfinsa, na sunkuya in ji abin da zai ce.

"Fina, dubi ƙofar can," ya ce, hawaye na bin gashin bakinsa. "Sama ta haɗe, ƙasa kuwa babban yatsana zai shige. A haka za su kai mini Eloisa gaban Ubangiji?"

"Baba, don Allah, mutane suna ji."

"Su ji mana. Ni dai in tawa ta zo, kada wanda ya sa ni a motar da bakinta ya karkace. Paloma ce za ta kai ni."

Hali zanen dutse. Babana, Procopio Maestas, ya kwashe rayuwarsa yana gyaran bodin mota a garejinsa da ke bayan gidanmu a Española, kuma idonsa bai taɓa samun hutu ba. Ko ƙofar coci ya ga ta ɗan sauka, to ba zai ji huɗubar ranar ba.

Paloma tsohuwar a-kori-kura ce, Chevy, ta girme ni ta girmi yayana Leandro. Fara ce daga sama, shuɗiya daga ƙasa, da wani siririn ƙarfen ado mai ƙyalli da ya taso daga fitilar gaba, ya bi ta kan ƙofa, ya tsallake ratar da ke tsakanin kai da bodi, ya dire a fitilar baya. Baba ya sauke ta ƙasa sosai, har gwangwanin madara in ya gangara ƙarƙashinta sai ya maƙale. Haka muke son mota a nan, ƙasa-ƙasa kuma a hankali. Mai sauri ga babban titi can. Sai dai sauke mota yana zuwa da tasa wahalar. Don ta kwanta haka sai da aka yanke shasi a saman tayoyin baya aka yi masa ɗori, tun daga nan kuwa ƙashin bayanta ya koyi lanƙwasa. Ka ɗora kaya a bodi, bodi ya sauka. Ka zauna a kujerar direba, robobin da kan motar ke zaune a kansu su lotsa. Abin bai wuce kaurin tortilla ba, siririyar gurasar nan tamu, amma ya isa ya karya layin adon nan a wurin ratar, kuma a garinmu gara ka fita ba wando da ka fita da karyayyen layi.

Mai jiran ganin wannan rana shi ne Don Cleofas Vigil, aminin Baba kuma abokin hamayyarsa. Shi ya riƙe ni ranar baftisma, shi ya sa nake ce masa Nino, su kuma suna kiran juna compadre. Siriri ne kamar sanda. A aljihun rigarsa kullum akwai ɗan katakon nan na motsa fenti, wanda shi ne ma'aunin masu sana'ar: kowace rata a jikin mota, ta ƙofa ko ta bonet, dole katakon ya shiga ya bi ta daga sama har ƙasa, ba matsi ba lilo. Duk Lahadi bayan an taso daga coci sai ya zagaya Paloma da katakonsa yana neman abin faɗa. Bai taɓa samu ba, bai kuma taɓa fasawa ba.

Ni kuwa tun ina 'yar makaranta nake goge jikin Paloma da samfefa, har zanen yatsuna ya shafe. Ni nake kwanciya a ƙarƙashinta, ni nake sa washa a cire washa har ƙofa ta rufe da ɗan yatsa. Da bayan Baba ya fara ciwo, garejin gaba ɗaya ya dawo hannuna. Amma sitiyarin Paloma? Ko daga rana zuwa inuwa ban taɓa matsar da ita ba. Baba ba ya ba kowa makullinta, kuma duk dangi sun riga sun yanke cewa ranar da ya ajiye shi, Leandro ne zai ɗauka, tunda shi ne namiji kuma babba. Leandro katafila yake tuƙa wa ma'aikatar hanya, shi ma kansa ƙaramar katafila ce. In ya shigo ɗaki sai haske ya ragu. Yana da kirki, ba ni da abin ƙi a wurinsa. Sai dai bai taɓa riƙe samfefa har ta yi zafi a hannunsa ba, kuma tun yana yaro ake shafa kansa ana cewa "ga mai Paloma." Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na dai koyi haɗiyewa.

Lokacin da itatuwan tuffa ke fure, likita a Santa Fe ya duba Baba ya ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Muka dawo gida ina kuka a hanya, shi yana ƙorafin cewa motata tana ja hagu. Ya ci wake da barkono ya ƙoshi, ya goge baki, ya buga wa wani ɗan'uwanmu kafinta waya ya ce a haɗa masa akwatin gawa na katakon itacen fir, mara ado.

"Baba, wane irin abu ne wannan?" na ce.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, mija, 'yata. Me na koya miki? Ana daidaita bodi a kan jak?"

"A'a."

"Ana daidaita shi mota tana wofi?"

"A'a. Sai a ƙasa, da nauyin da za ta ɗauka."

"To madalla. Nauyin da za ta ɗauka ni ne."

Akwati ya iso, aka jingine shi a gareji, kafin mako ya zagayo ya cika shi da busasshen barkono wai kada wuri ya zauna a banza. Wata safiya kuma ya kira ni wurin sikelin da muke auna tuffa.

"Hau nan in ga ko yana aiki."

"Ka hau da kanka mana."

"Ni na san nauyina, zan yi masa son kai. Hau."

Na hau. Ya sa tabarau ya duba allurar, ya girgiza kai. "Ya lalace," ya ce. "Yana yi miki kara." Na jefe shi da tsumma.

Daga nan ya shiga aikin kan motar shi kaɗai, yana yi yana hutawa. Ya canja robobin ƙarƙashin kai, ya sa ni na jibge masa buhun wake da wani rabin buhu a kujerar direba, yana kwance noti yana ɗaurewa, yana ja da baya yana kanne ido ɗaya.

"Baba, in waken nan Leandro ne, ai cinyarsa ɗaya ka auna," na ce.

"Wake ya yi tsada. Miƙo mini sifana."

Za ku ce ai magana a fili take. To ni ban gani ba. Wanda ya daɗe da cire rai daga abu, ko an ajiye masa a gaban hanci ba ya ganewa. Ni haushi ma nake ji, wai ina ɗaukar buhu ina gyara wa wani kujera.

Ranar gwaji ta faɗo wata Asabar da kaka, gari duk ƙamshin gasasshen barkono. Aka juye akwati aka kakkaɓe, ni da Leandro muka ɗora shi a bodi. Baba ya fito sanye da kwat ɗinsa ta zuwa biki, har da fure a aljihu, ya taka kujera ya hau, ya miƙe a ciki ya haɗa hannuwa a ƙirji. Bai yi minti ba ya fara atishawa.

"Wa ya kakkaɓe akwatin nan? Gawa za ta tashi da mura!"

"Kwanta, compadre, ka yi kyau," in ji Nino Cleofas, yana zaro katakonsa. "Tunda na san ka ban taɓa ganin ka yi kama da mutumin kirki irin yau ba."

"Kai dai yi aikinka. Kyauta na gayyace ka ka ga yadda ake mota."

Baba ya ɗaura wani tsohon madubin gefen mota a jikin sanda, ya leƙo da shi ta saman bodi don ya riƙa ganin layi daga kwance. Leandro ya shafa ciki, ya gyara hula, ya buɗe ƙofa da murmushin wanda aka kira sunansa a wurin rabon gado. Ya zauna. Paloma ta yi wani nishi, kai ya sauka ta hagu, layin ado ya rabu biyu a wurin ratar kamar matakala. Da ya ja ƙofa kuwa, gindinta ya goga, har ni sai da na runtse ido.

Nino Cleofas ya durƙusa. Fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir. Ya kai katako wurin ratar ƙofa, ya ƙi shiga.

"Compadre! Allah ya nuna mini! Ta karkace!"

"Na gani, ba makaho ba ne ni, matacce ne kawai."

"Fina, ƙara washa ta wannan gefen," in ji Leandro ta taga. "Ai ƙaramin abu ne."

Ya faɗa kamar yana aiken yarinya shago. Na ɗauki sifana na nufi ƙarƙashin mota, don aiki aiki ne. Sai murya ta fito daga akwati.

"Duk wanda ya taɓa mini noti ɗaya, sai na riƙa zuwar masa a mafarki. Motar daidai take. Direban ne ya karkace."

"To ya zan yi, Baba?"

"Rage kaya."

Leandro ya fito ya tuɓe takalmansa masu ƙarfe a baki, ya cire bel, ya zazzage aljihu: makullai, wuƙa, waya, da wani burrito, gurasa mai nama a ciki, naɗe a takarda wanda ya rantse na abokin aikinsa ne. Ya koma ya zauna yana riƙe numfashi, kamar iska ce ke da nauyin. Layi bai ko motsa ba.

"Cire hular ma, ɗana," in ji Nino Cleofas. "Ko ka dawo bayan azumin Ista."

"Nino, kai ma har da kai?"

"Matsa in nuna maka. Mota tana son mutum mai ladabi."

Tsohon ya shige ya zauna. Wannan karon kai ya tsaya sama da bodi, kamar ba kowa a ciki.

"Wa ya shiga?" in ji Baba, yana juya madubi. "Ban ji komai ba. Ko kyanwa ce?"

Leandro bai yi dariya ba. Yana tsaye da safa a kan tsakuwa, ya riƙe ƙugun wandonsa da hannu ɗaya, wuyansa ya yi ja. "Baba, in wasa ka kira mu mu yi, ka faɗa. Ina da aiki."

Baba ya sauke madubin. Sannan ya ce, "Inuwar nan ta yi sanyi, ƙashina ya fara amsawa. Fina, fitar da ni rana."

"In tura ta?"

"Tura ta? Jaka ce? Makulli yana jiki."

Na tsaya da sifana a hannu. Na dubi Leandro, na dubi Nino. Na goge hannuna a wando har sau nawa ban sani ba, na buɗe ƙofar da na ɗaura da hannuna, na zauna a kujerar da ban taɓa zama ba. Paloma ta ɗan sauka, a hankali. Na ja ƙofa da yatsa biyu ta rufe, ƙyat, ba ƙara.

Ta madubin gefe na ga Nino Cleofas ya durƙusa. Ya bi ratar ƙofa da katako daga sama har ƙasa. Ya koma ta gaba ya bi. Ya kwantar da katakon a kan layin ado, rabi a kai rabi a bodi, ya kanne ido, ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya mai da shi aljihu.

"Tsinannen tsoho," ya ce a hankali. "Buhun wake da rabi."

Sai a lokacin sikelin tuffa ya faɗo mini a rai. Na kifa goshi a kan sitiyari na fashe da kuka, irin kukan da ke zuwa da majina, hon kuma ya ɗauka, ban ma sani ba.

"Ɗaga kanki daga hon ɗina, ana jana'iza a nan!" Baba ya daka tsawa.

Leandro ya zo ya tsaya a gefen bodi. Na ji muryarsa ta canja. "Da ka faɗa mini kawai, Baba. Ba sai ka sa na tuɓe a gaban mutane ba."

"Da na faɗa da baki, da kai da gwaggonninka kun yi ta musu har bayan raina. Yanzu kuwa je ka yi musu da layi." Baba ya tashi zaune, ya kama wuyan hannunsa. "Saurara, mijo, ɗana. Ita ta san kowane noti a jikin motar nan, kai ma ka sani. Kai kuma akwai aikin da ba mai yi mini sai kai. Wa zai ɗaga ni? Cleofas? In aka bar wa 'yan'uwan nan naka, a ƙofar coci za su zubar da ni."

Leandro ya ja hanci, ya dubi sama. Can ya sunkuya ya ɗauki burrito ɗinsa daga ƙasa, ya leƙo ta taga.

"Ke, mai Paloma. In kika goga mata ciki a tudun gaban kantin magani, sai na faɗa wa duk garin."

"Sa takalminka, Yaya, kana ba mu kunya."

Ranar sai da muka zagaya gari, don Baba ya ce gwaji ba ya cika sai an taka hanya. Na bi tudun nan a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, yadda na ga yana yi tun ina ƙarama, ko ƙas ba ta yi ba. Shi kuwa yana kwance a baya, in mun zo wurin jama'a sai ya ɗago hannu ya gaishe su. Wata tsohuwa a bakin kasuwa ta saki jakar barkononta ta yi alamar gicciye, ta bi mu da zagi har muka sha kwana.

Baba ya ga ƙarshen tuffa, ya ga Kirsimeti, ya ga dusar ƙanƙara ta narke. Amma ciwon ya cinye shi a tsaye. Kwat ɗin da ta yi masa cif ranar gwaji, sai da muka naɗe ta ta baya da fil kafin ta zauna masa.

Da safen da za a kai shi makwancinsa, motoci sun yi layi tun daga ƙofar coci har gada, duk ƙasa-ƙasa, duk an wanke su. Leandro ya ɗauki akwatin ta wajen kan Baba kamar yadda aka ce masa. Da suka ajiye akwatin a bodi ya zo kusa da ni, idonsa jajir.

"Fina, babu nauyi," ya ce. "Kamar ba kowa a ciki."

Na shiga na zauna, na ja ƙofa. Na duba madubi. Bodi ya tsaya sama da kai. Layin ya karye. Baba ya auna komai, ya auna ni, ya auna akwati, bai auna abin da ciwo zai ɗebe daga jikinsa ba. Ga kuma duk masu idon garin nan a tsaye, hula a hannu, ba wanda zai ce uffan, ba kuma wanda bai gani ba.

Nino Cleofas yana tsaye daidai wurin ratar. Shekara da shekaru yana jiran ya ga Paloma a karkace a bainar jama'a, ga shi ya samu. Sai ya matsa ya tare wurin da jikinsa, ɗan jikin da ko tsintsiya ba zai ɓoye ba.

Na fara lissafin komawa gida in ɗauko washa da jak, ƙararrawar coci kuwa tana ta bugawa. Kafin in buɗe ƙofa na ji motar ta yi nishin nan da na sani. Leandro ne ya tuɓe kwat ya taka ya hau bodi. Bodi ya nutse ƙasa da kai.

"Ya yi yawa, ɗana," in ji Nino Cleofas, ya zaro katako ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na tsufa. "Ja baya. Ƙara. A'a, ka wuce, katafila, dawo kaɗan. Matso da ƙafar hagu. Tsaya nan! Kada ka ko yi tari."

Wani a cikin jama'a ya yi dariya, ta ƙare masa da kuka. Leandro ya ƙame a zaune daidai gwiwar Baba, tafin hannunsa a kan murfin akwati. Na duba madubi. Layin ya tashi daga fitilar gaba ya dire a ta baya, ba gargada.

Nino ya kwantar da katakon a kan ratar, ya kanne ido, ya daɗe kamar yadda ya saba. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ɗora katakon a kan akwatin, ya tura shi ƙarƙashin hannun Leandro.

"Ka ci, compadre," ya ce. Ya zagayo ta taga ya dafa kafaɗata. "Ja, mija. A hankali."

Na tayar da ita na sa giya. Daga coci zuwa maƙabarta tafiyar da mai keke zai yi kafin shayi ya huce ce, mu kuwa sai da rana ta take muka isa, kuma Leandro bai motsa ba ko sau ɗaya.